Tsutsotsin da Kawu Ya Gyara

Litinin

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya ƙarfin jikin? Wurin da aka yi miki aikin ya daina ja? Ina fata kina bin maganar likita, ba ki lallaɓa kin koma kan keken ɗinki ba da zarar na juya baya, don na san halinki. Ki gaishe min da Mama da maigidanki da yara.

Na iso lafiya. Kin ce in kira ki, to ki yi haƙuri da takarda, domin in na ji muryarki yau kuka zai hana ni magana, ke kuma ba a son ranki ya tashi. Yaya, an kashe ni. Aikina na shekara uku ya lalace a cikin sati shidan da na yi ina jinyarki. Ban ce laifinki ba ne, kada ma ki kawo wannan a ranki, ko gobe aka ce kina asibiti zan sake ajiye komai in taho. Laifin mutum ɗaya ne.

Bari in yi miki bayani yadda za ki gane, tunda ku a gida abin da kuka sani kawai shi ne Auta tana kiwon tsutsa, har maigidanki yana kirana Dakta Tsutsa. Tsutsotsin nan ba irin na cikin mutum ba ne. 'Yan mitsi-mitsi ne, sai da madubin ɗakin gwaji mai ƙara girman abu ake ganinsu sosai, muna ajiye su a ƙananan farantan roba masu murfi. Kowace ɗaya ita ke haifar 'ya'yanta da kanta, cikin kwana uku zuwa huɗu 'ya ta zama uwa. A cikin jikinta akwai wasu 'yan sanduna da ake kira kuromosom, su ke ɗauke da gadon halitta, kuma bibbiyu suke zuwa, kamar takalmi. Idan za a yi ƙwai sai a raba su, ƙafa ɗaya ta zauna a ƙwan, ɗayar a tura ta cikin wata 'yar jaka a yar.

To nawa tsutsotsin, a wuri ɗaya sanduna uku gare su maimakon biyu. Na ukun ba shi da abokin rabo. Kowa zai zaci rabi da rabi ne, wani lokaci ya zauna, wani lokaci a yar da shi. Ni kuma da na zauna ina ƙirgawa ƙwai bayan ƙwai har idona ya fara yaji, sai na ga ƙwan ya fi yawan tura shi waje, kusan bakwai cikin goma a lissafina. Wato ƙwan da kansa yana gyara kuskuren. Yadda yake yin haka shi ne digirina gaba ɗaya, kuma ba wasa ba ne, domin a jikin mutum irin wannan ƙarin yana cikin abubuwan da ke jawo ɓari.

Ga inda matsalar take. Tunda ƙwan yana yar da na ukun, yawancin 'ya'yan da ake haifa lafiyayyu ne, dogaye, sumul. Masu sanda uku kuwa gajeru ne, kuttuɓ-kuttuɓ, ba su da kyan gani, tafiyarsu ma da ƙyar. Su nake so. Duk bayan kwana huɗu sai an sa 'yar waya mai lanƙwasa an tsinto gajerun an mayar sabon faranti. Idan aka ɗauki dogaye ko sau ɗaya, shi ke nan, zuriyarsu har abada dogaye ce.

Da zan taho wurinki na bar wa Kawu farantai bakwai. Ba kawun kowa ba ne, babban ma'aikacin ɗakin gwajinmu ne, shekararsa talatin yana wannan aikin, shi ya sa har Farfesa, mai duba aikina, Kawu yake ce masa. Na zaunar da shi a gaban madubi na nuna masa, na ce gajeru, gajeru, gajeru. Yana ta gyaɗa kai yana cewa in tafi kawai, tun ban iya ɗaura zani ba yake tsintar tsutsa.

Yau da safe na shiga, sai ga shi ya tarye ni da fara'a har kunne, ya jera min sababbin farantai a kan tebur, fes da su. Wai ya ga tsutsotsina duk sun tsumbure ba su da lafiya, ya san 'yan makaranta ba sa son a ce sun yi sake, shi ne ya rufa min asiri ya gyara min su. Gyara, Yaya! Na leƙa faranti na farko, dogaye. Na biyu, dogaye. Na bi su ɗaya bayan ɗaya sau uku, ko gajeriya ɗaya babu ta rantsuwa. Tsofaffin farantan kuwa doka ce duk sati a dafa su a tukunyar tururi saboda ƙwari da fumfuna, sun tafi tuntuni.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na wanke shi tas a gaban kowa, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce shekara talatin ɗin banza ce tunda ba ta koya masa sauraro ba. Ya buɗe baki zai yi magana na ce kada ya kuskura, ba na son jin komai daga gare shi har abada. Ya tsaya yana kallona, sannan ya ɗauki hularsa ya fita. Ki ce na yi rashin kunya in kin ga dama, wallahi ko yanzu ban huce ba.

Saura sati goma in tsaya gaban kwamiti in kare digirina. Ƙwai arba'in kawai na ɗauki hotonsu, su kuma ɗari biyu suka ce, ga gwajin ƙarshe da ban ma fara ba. Sake haɗa irin waɗannan tsutsotsin, da alamar haske da na sa wa sandunansu don in riƙa ganinsu, zai ci wata takwas in an yi sa'a. An riga an ƙara min lokaci sau ɗaya, ba a ƙarawa sau biyu.

Ki taya ni da addu'a. Kada ki faɗa wa Mama tukuna.

Taki har kullum,
Auta


Alhamis

Yayata,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya gida, ya yara? Na ji daɗi da kika ce kin fara zagaya tsakar gida ba tare da an riƙe ki ba. Allah ya ƙara sauƙi.

Takardarki ta iso, na karanta, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Haba Yaya! Na rubuto miki an rushe min gida, ke kuma abin da kika tsinta a ciki shi ne na ɗaga wa sa'an Babanmu murya. Wai in je in ba shi haƙuri. In ba shi haƙuri da ya yi me? Ke da aka taɓa kawo miki yadi mai tsada, mai taimaka miki ta yanka ba tare da ta duba awo ba, ba sati biyu kika yi ba kya amsa gaisuwarta ba? Naki yadi ne, ana sayo wani a kasuwa.

Kwana goma ke nan ina neman mafita. Na shuka ɗaruruwan dogayen nan a farantai sittin, ko Allah zai sa wata ta yi kuskure ta haifo min gajeriya. Kullum tun safe nake duƙe a kan madubi har wuyana ya sage. Sau biyu na ga kamar na samu, na ware, na jira, ashe yunwa ce ta tsumburar da su, 'ya'yansu suka fito zanƙal-zanƙal kamar suna yi min dariya. Shekara uku ina yabon ƙwan nan da iya gyara, yau gyaran nasa ne yake ci na.

Na je wurin Farfesa. Kin san me ya fara tambayata? Wai ina waɗanda na daskarar a firiza, tunda ana iya daskarar da tsutsotsin nan a tashe su ko bayan shekaru. To ban daskarar ba. Na yi niyya, aiki ya yi min yawa, ina cewa sati mai zuwa, sai ga kiran asibiti. Amma wannan ai wata magana ce daban. Da an bi abin da na ce, wa zai nemi firiza? Shi Farfesa so yake a raba laifin biyu a ba ni rabi don a rufe maganar, saboda da Kawu suka fara aiki tun suna da baƙin gashi. Ban yarda ba.

Shi kuma gogan naku Kawu, tun ranar bai dawo ba. Wai jininsa ya hau, likita ya ba shi hutu. Jinin wa bai hau ba? Ya kira ni sau uku ban ɗauka ba. Shekaranjiya ya aiko Inna mai shara, maƙwabciyarsa ce, da wata takarda a ninke. Ta ce ya ce lallai lallai in karanta da kaina, kada in ba kowa. Na san abin da ke ciki, ki yi haƙuri 'yata, ƙaddara ce. Na cusa ta a aljihun farar rigata ta aiki ban buɗe ba. Inna ta tsaya tana min kallon tausayi, na ce ta je ta yi shararta.

Jiya na kai ƙara ofishin shugaban sashe a rubuce, shafi uku. Na rubuta abin da ya yi min dalla-dalla. Sakatariya ta duba ta ce min a ɓoye, laifi ɗaya irin wannan gargaɗin baki kawai za a yi masa. Sai na koma na ƙara shafi na huɗu. Akwai wani kwali da yake ɓoyewa a kabad ɗin ƙarƙashin bene, cike da tsofaffin farantai da ya ƙi dafawa, ya naɗe su da salatif da tsohuwar jarida. Kowa a ɗakin ya sani, har tsokanarsa ake yi wai kayan gadonsa ne, amma ba wanda ya taɓa kai maganar sama. Wannan babban laifi ne a dokar tsafta, ƙwari daga nan suna iya cinye aikin kowa. Ni na kai. In shi bai ji tausayin shekara ukuna ba, ban ga dalilin da zan ji tausayin wata bakwan da suka rage masa ya yi ritaya ba.

Kada ki sake rubuto min maganar haƙuri, don Allah. Ki gaida Mama, ki ce mata karatu ne ya ɓoye ni.

Ƙanwarki mai ƙaunarki duk da haka,
Auta


Talata

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya, ke da mutanen gidan duka. 'Yar gajeriya ce yau, ina sauri.

Ƙarata ta yi aiki. Jiya masu kula da tsaftar ɗakunan gwaji suka zo su biyu, da safar hannu da takunkumi. Suka ce wa zai nuna musu wurin, kowa ya sunkuyar da kai kamar an yi mutuwa. Munafukai! Su ne fa masu yi masa dariya a bayan ido. Na tashi na kai su da kaina. Da suka buɗe kabad ɗin har ɗayan ya ja da baya, ƙunshi-ƙunshi na jarida sun fi hamsin. Ba su ko kwance ba, suka zuba su a manyan ledoji uku suka ɗaure.

Sai aka zo kan tukunyar tururi. Tsohuwa ce mai taurin kai, in ba ka san yadda ake danne murfinta da gwiwa kafin a murɗa ba, ba za ta kama ba. Kawu ne mai kula da ita, bayan shi kuwa ni kaɗai ya taɓa koya wa. Suka yi ta fama, na ce su matsa. Na loda ledojin, na rufe, na kunna, na ja kujera na zauna har ta gama. Rabon da in ji sanyi a raina irin na jiya tun kafin in dawo.

Farfesa ya wuce ni a baranda kamar bai gan ni ba. Shi ya sani. An ce ranar Alhamis ta sama kwamitin ladabtarwa zai zauna.

Tsutsotsina dai har yanzu shiru, saura sati takwas. Amma aƙalla wani ma ya ɗanɗana.

Ki kula da kanki. Taki,
Auta


Asabar

Yayata, Yayata,

Assalamu alaikum. Ya jikinki? Ya Mama? Ki yafe min, gaisuwar yau ba za ta yi tsawo ba. Ki zauna kafin ki karanta, kuma in kin gama kada ki ce ai kin faɗa min, ba zan iya ɗauka ba.

Ranar Laraba na ɗauko farar rigata zan kai wanki. Ina zazzage aljihu sai takardar Kawu ta faɗo. Har na nufi kwandon shara da ita, sai na ce bari dai in ga kalar ban haƙurin. Babu ban haƙuri a ciki. Layi huɗu ne, ga su na kwafo miki:

"Farantanki bakwai na farko suna cikin kwalin ƙarƙashin bene, ƙunshin da ke sama, na rubuta ranar a jikin jaridar. Gajerun suna nan da yawa. In abinci ya ƙare musu barci suke yi, suna kai wata uku ko huɗu, ki yanko ki ɗora a sabon faranti za su tashi. Ki ɗauka da kanki, kada ofis su ji."

Yaya, kwana shida takardar nan tana aljihuna kafin masu tsafta su zo. Tana jikina lokacin da na kai su kabad ɗin. Tana jikina lokacin da na danne murfin da gwiwata.

Na fita da gudu ba takalmi zuwa bayan gini inda ake tara shara kafin mota ta zo. Na yaga ledojin da hannuna. Robar duk ta narke ta cure, jaridar ta zama dusa. Na yi ta ɓamɓarewa har na yanke yatsa, sai ga wani gefen murfi da rubutuna a kai, ranar da na taho wurinki. Na zauna a ƙasa a wurin. Inna mai shara ce ta zo ta ɗaga ni, ta wanke min hannu a famfo.

Na san maganar barcin nan nasu, a shekarar farko ake koya mana. Na san yana ajiye farantai. Tambaya ɗaya ce, Kawu ina na farkon? Ban yi ba, kuma da ya buɗe baki ni na rufe masa. Sati uku ina neman wanda zan shaƙe, yanzu haushin yana nan bai ragu ko kaɗan ba, sai dai babu inda zan kai shi. Ina jin haushinsa har yanzu, wallahi ina ji, don me zai taɓa min tsutsotsi? Ina jin haushin Inna da ba ta fizge takardar ta karanta min da ƙarfi ba, da Farfesa, da ke ma da kika yi gaskiya. Amma in na kalli hannuna sai in ji kamar in cije shi.

Ranar Alhamis na je in janye ƙarar. Suka ce shafi ukun farko nawa ne, ina iya janyewa, na huɗun kuwa ya zama na masu tsafta, ya fita daga hannuna. Na wuce ofishin karatu na roƙi ƙarin wata takwas, Farfesa ma ya sa min hannu ba tare da ya kalle ni ba. Jiya amsa ta fito, babu. Ba zan tsaya gaban kwamiti ba. Yanzu kya iya faɗa wa Mama, ni ba zan iya ba.

Yau da hantsi Inna ta raka ni gidan Kawu. Yana zaune a baranda a kan tabarma, ya rame, ga ledar magunguna a gefensa. Ashe ba wanda ya gaya masa komai, matarsa ta hana saboda jinin. Yana ganina fuskarsa ta washe, ya sa aka kawo min kujera. Bai bari na gama gaishe shi ba ya hau bayani, wai shekara ashirin da suka wuce firiza ta mutu a lokacin hutu, aikin mutum tara ya narke, tun ranar ya rantse duk wanda ya ba shi faranti sai ya ɓoye na farkon. Ya ce ya yi kuskure a kan dogayen, hannunsa ne ya saba, ya kwana biyu kafin ya gane abin da nake nufi. Sannan ya matso ya tambaye ni guda nawa suka tashi.

Na faɗa masa, Yaya. Duka, har shafi na huɗu, har zaman kwamitin ladabtarwa na Alhamis mai zuwa. Ban rage komai ba.

Na so ya zage ni. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Can ya ɗago, na ga wani ɗan haske a idonsa, ya ce to wa ya kunna tukunyar? Ya ce in baƙi ne ba za su iya danne murfin ba, tururin zai tsere, na tsakiyar ƙunshin suna iya tsira, in tashi maza in je in duba. Har ya fara laluben hularsa zai bi ni.

Na ce masa ya zauna. Na ce ni na kunna, na danne murfin yadda ya koya min, na ba ta minti arba'in cif, kuma ban tashi daga wurin ba sai da ta huce.

Ki yi min addu'a, ki yi masa. In kin samu ƙarfin rubutu ki rubuto, ko faɗa ne, wannan karon zan buɗe.

Ƙanwarki,
Auta